Amsa ga Sakatare kan taron matasa na ranar Asabar

Assalamu alaikum jama'ar gida. Sakatare, na saurari saƙonka tun bayan asuba, muna kasuwar Mile 12 a Legas ana sauke tumatir ne, sai yanzu na samu sarari. Ka ce taron da za a yi wa matasa a masallaci kan kanjamau, a tsaya kan wa'azin kame kai da riƙon amanar aure kawai, ko a gayyato masu gwaji su ma su zo. To ni na gane inda ka dosa. Tsoro kake ji kar dattawa su ce mun buɗe wa yara ƙofar fasiƙanci a harabar masallaci. Ko ba shi ba ne? Shi ne mana.

Wa'azin kame kai babu mai ja da shi, ni ne na farko da zan ce a yi. Allah cewa Ya yi kada ku kusanci zina, kusanta ma, yana nan a Suratul Isra'i aya ta 32. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa matasa mai hali ya yi aure, marar hali ya riƙe azumi. Ka dubi yaron da ya baro Funtuwa ko Illela yana ɗan shekara 18, ya zo Legas yana dako, su goma a ɗaki ɗaya, wasu ma a rumfa suke kwana, ba uwa ba uba, ba mai ce masa ina ka fito da tsakar dare, ga 'yan canji a aljihu. Wannan yaron in ba tsoron Allah ba me zai riƙe shi? A faɗa masa, a maimaita.

Amma riƙon amana na mutum biyu ne. Ni nan ne raina yake ɓaci. Akwai abokina, Allah Ya jiƙansa, babbar mota yake ja daga Apapa zuwa Kano, mun zauna gida ɗaya a Agege. Matarsa tana can gida Arewa, ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da izini. Ya fara ramewa, tari, gudawa, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Aka ce sammu ne. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka sayar da gonarsa. Ba wanda ya ce a je a ɗebi jini. Sai da matar ta je awon ciki aka gano, lokacin shi ya riga ya kwanta. Jaririn bai kai yaye ba. To ku gaya min, baiwar Allahn nan wane wa'azi ne ba ta bi ba? Ta kame kanta kafin aure, ta riƙe amana bayan aure, ciwon ya same ta har cikin ɗakinta.

Kar wani ya ce na zagi direbobi, a'a. Kuma ban ce zina ya yi ba, astagfirullah, bari in gyara. Ana ɗauka ta jinin da ba a tantance ba, ta allura ko askar da wani ya yi amfani da ita, uwa ma tana sa wa ɗanta. Shi ya sa in liman ya nuna duk mai ciwon nan mazinaci ne, to ya kori mutane daga gwaji ke nan.

Kuma wannan gardamar an yi ta tun kafin mu. A 2003 Shugaban Amurka Bush ya kafa shirin PEPFAR na yaƙi da kanjamau a ƙasashen duniya, aka ce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin rigakafi a zuba shi kan kame kai har aure. Coci-coci da ƙungiyoyin addini suka yi aiki da shi. A 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford suka bi diddigi, sama da dala biliyan 1.4 da aka kashe kan koyar da kame kai da riƙon amanar aure, ba su ga shaidar cewa halin mutane ya canza saboda kuɗin ba. Ni abin da na ɗauka a nan, fosta da rigar taro ba sa shuka tsoron Allah, sai tarbiyya ta yau da gobe. Abin da ya ceci rayuka a ido na gani, gwaji ne da magani.

Ko a gida ma ai an wuce wajen. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure, kanjamau, ciwon hanta, da rukunin jini saboda sikila. Kano fa! Maƙwabtanmu Kiristoci coci da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takardar asibiti. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar cutar a Najeriya. Sai mu a nan mu ce kunya?

Kunyar nan na ɗanɗana ta. Shekarun baya ni na taɓa kawo masu gwaji unguwarmu. Wani bawan Allah, ba zan kama suna ba, ya miƙe bayan sallar isha'i ya ce wai an ba ni kwangila ne, wai tsarin Turawa ne na hana mu haihuwa. Ni da na biya kuɗin rumfa daga aljihuna! Wata uku wasu ba sa amsa sallamata. Har aka ce ai ni ma ina da shi, shi ya sa na damu. Yarana suka ji a Islamiyya, ƙaramar ta dawo tana kuka. Ranar mutum shida kacal suka zo, biyu a cikinsu ni da ƙanena ne. Kuma mutumin nan da ɗiyarsa ta tashi aure, shi ya aiko a ɓoye a tambaye ni inda ake... kai, a bar wannan, na yafe.

Abin da nake so a yi, liman ya yi wa'azinsa cikakke. In ya gama, ya ce da bakinsa a je a gwada, shi ya fara miƙa yatsa. Kar a kafa tebur a ƙofar masallaci kowa na kallo, a ba su ajin Islamiyya na baya, mata ma'aikaciya mace. Sakamako tsakaninka da ma'aikacin ne kawai. A gaya wa yara maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, mai sha kullum yana rayuwarsa, yana aure, mai ciki in ta fara da wuri sai Allah Ya kare jaririn. Wanda ke da shakku a kansa ya sake gwaji bayan wata uku. Maganar kwaroron roba ga ma'auratan da ɗaya ke da shi kuwa, sai malam da likita su zauna a kai, ba zan shiga ba yanzu.

Ka rubuta wa LSACA, hukumar yaƙi da kanjamau ta Jihar Legas, takarda gobe, ni zan kai. Kujeru da rumfa kuma a kaina. Ga motar albasa ta shigo, sai na sake leƙowa.