Tambayi Mai Situdiyo: Wayar Wuta Mai Tsada Tana Gyara Sauti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Na haɗa ɗan situdiyo a ɗakina, ina ɗaukar sha'irai da tallace-tallacen rediyo. Ina da sifika biyu Yamaha HS5, da saunkad (akwatin da ke haɗa makirfo da sifika da kwamfuta), da laftof. Matsalata, da na kunna sai in ji wani ƙugi, buuu, ko ba a sa komai ba. Wani mai shago ya ce wayar wutar da ta zo a kwali ce ba ta da kyau, in sayi wata mai kauri ta naira dubu 45, har bas ma sai ya ƙara nauyi. In saya? Ƙaninka daga Pantami, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna.

Bari mu yi lissafi. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. HS5 ɗaya wat 45 take ci, wato ko rabin amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) ba ta ja. Wayar da ta zo a kwali, irin mai baki uku da ake sa wa kwamfutar tebur, galibi tana ɗaukar amfiya 6 ko fiye. Ka ga kamar a ɗora wa jaki buhun auduga ne. Kuma wutar ba ta zarcewa kunnenka kai tsaye. A cikin sifikar akwai sashen da ke karɓarta, ya juya ta, ya tace ta, ya tara ta a kafasito, wato ɗan ma'ajin wuta, daga nan amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti ke ɗiba. Wutar da ta ratso turaku da taransifoma da tsohon wayarin gidanku, ba 'yar wayar ƙarshe mai tsawon mita biyu ce za ta wanke ta ba. Ni dai na gwada da kunnena: na sa yaron shagona yana canza wayoyi ina juya baya, na kasa bambancewa. Wanda ya biya dubu 45 kuwa dole ya ji bas, ai kuɗinsa ne ke masa kiɗa.

Amma mai shagon bai yi nisa da gaskiya ƙwarai ba. Ƙugin nan daga wajen wuta yake, sai dai ba daga kaurin waya ba. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawar ce kake ji idan ta sami hanyar kutsawa cikin wayar sauti. In kana da fiyano, taɓa maɓallin G na can ƙasa, za ka ji kusan muryarsu ɗaya. A Amurka tasu 60 ce, shi ya sa ƙuginsu a bidiyo ya ɗan fi namu tashi.

Hanyar da ta fi kutsowa ita ce wannan. Ka jona sifika ɗaya a soket ɗin bayan ƙofa, ɗaya a na kusa da taga, laftof kuma a wani daban. Kowanne yana da wayar ƙasa tasa, wadda masu wayarin ke kira atin, sannan wayar sauti ta sake haɗa su. An yi zobe ke nan, 'yar wuta tana zagayawa a ciki, sifika kuma ba ta san bambancinta da muryar sha'iri ba. Maganinsa arha ne: eksitenshan ɗaya mai kyau, daga soket ɗaya, duk kayan sauti a kansa. Firji, fanka, dutsen guga da injin jan ruwa su nemi wani wurin. Su ne ke sa ka ji "ɗas" a tsakiyar ɗauka.

Kafin ka sayi ko tsinke, yi wannan gwajin yau da dare. Zare wayar sauti daga bayan sifika, ka bar ta da wuta kawai. In ta yi tsit, ita da wayar wutarta ba su da laifi. Mayar, sannan ka zare cajar laftof ya koma kan batir. Sau da yawa a nan ake kama ɓarawon, musamman cajar da ba ta asali ba, mai wata tsuwwa siririya da ke canzawa in ka motsa linzamin kwamfuta. Sai ka duba wayar da ta taso daga saunkad. In mai kan RCA ce (irin ja da fari na bayan talabijin) ko jak mai zobe ɗaya, canza ta da XLR (irin ta makirfo mai ƙafa uku) ko jak mai zobe biyu, HS5 tana karɓar duka biyun. Waɗannan suna ɗauke da saƙon ta hanya biyu, ɗaya a juye, duk dattin da suka kwaso a hanya sai ya kashe kansa a ƙarshe. Kuma kar ka ɗaure wayar wuta da ta sauti a dami ɗaya don ɗaki ya yi kyau. In dole su haɗu, su gitta juna su wuce.

Akwai inda waya kan zama mai laifi da gaske. Na taɓa yanka wata da na saya a kasuwa, robarta kauri kamar ɗan yatsa, a ciki silin ƙarfe bai fi gashin akuya ba, wayar atin kuwa babu ita sam, ƙafar fulogin ado ce. Irin wannan ka jefar, ka sayi ta tagulla ta gaskiya, wadda ba ta kai kuɗin da aka faɗa maka ba ko kusa.

Abu ɗaya nake roƙonka. Za a ce maka ka karya doguwar ƙafar fulogi, ƙugi zai tafi. Yana iya tafiya. Na yi haka shekarun baya a ɗakina na Jekadafari, ina ta murna, har ranar da wani mai bege ya kai leɓensa kan makirfo, ba takalmi, a kan siminti. Salatin da ya saki ba ya cikin waƙar. Allah Ya tsare, amma ƙafar nan ita ce ke kwashe wuta zuwa ƙasa in wani abu ya lalace a ciki. Gidaje da yawa ma soket na da rami uku amma ba a ja atin ba, don haka kira mai wayarin ya auna maka.

Ba ka faɗa mini da wace wuta kake aiki ba. In ƙaramin janareta ne, ƙugin zai riƙa hawa da sauka tare da numfashin injin. In inbata ce mai arha, wutarta a gutsure take fita, zizarta kuwa ba wayar da za ta ɓoye, sai ka nemi wadda aka rubuta wa "pure sine wave" a jiki. Sitabilaiza tana kare kaya in wuta ta yi ƙasa, amma ba ta cire ƙugi, wata ma tata take ƙarawa, don haka nesanta ta da teburin.

Yi gwajin nan biyu, ka sake rubuto mini abin da ka ji da ka zare cajar.