Maigidana Yana Son Sunan Mahaifiyarsa, Ni Kuma Ina Son Afnan: Wa Ke da Haƙƙin Zaɓe?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da ciki wata takwas, an duba a asibiti an ce mace ce in Allah ya yarda. Tun ina budurwa nake da burin in na haifi mace in sa mata Afnan. Maigidana ya ce sam, sunan mahaifiyarsa marigayiya Hauwa'u zai mayar, wai Afnan sunan 'yan zamani ne da aka tsinto a fina-finai da intanet. Ɗanmu na fari ma sunan mahaifinsa ya ci, ban ce uffan ba. Yanzu maganar ta kai ko gaisuwar kirki ba ma yi. Ni da nake ɗauke da cikin ba ni da ta cewa ke nan? Kuma akwai laifi a sa wa yaro sunan da ba a saba ji ba?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa, ya raya abin da za a samu bisa tafarkin addini.

Bari in fara da hukuncin, ko da ba shi kike so ki ji ba. Idan uwa da uba suka yi saɓani a kan suna, aka rasa yadda za a daidaita, malaman fiƙihu sun ba uba rinjaye. Ibnul Ƙayyim ya faɗi haka ƙarara, hujjar kuwa ita ce ana jingina ɗa ga ubansa, kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu. Uban ne kuma ke ɗauke da ragon suna da ciyarwa. To amma wannan hukunci ne na raba gardama bayan shawara ta ci tura, bai ba miji damar ya toshe kunne tun farko ba. Uwa tana raɗa suna, kuma Alƙur'ani ya kawo misalinsa: matar Imrana ce ta ce "na sa mata suna Maryam", a aya ta 36 ta Suratu Ali Imrana. Sayyidina Ali ma, ranar yaƙin Haibara, cewa ya yi shi ne wanda mahaifiyarsa ta sa wa suna Haidar. Saboda haka kina da ta cewa, kuma namijin da ya san wahalar laulayi da naƙuda ba zai raina ra'ayin matarsa a wannan wuri ba.

Shi kuwa Afnan, ba shi da aibu. Kalmar tana cikin Suratur Rahman, aya ta 48, inda aka siffanta gidajen Aljanna biyu da cewa masu rassa ne. Ma'ana ce mai kyau, kuma bakin Bahaushe ba ya shan wahala wajen faɗarsa. Ma'aunin shari'a ma'ana ce, ba tsufan suna ko sabuntarsa ba. Duba sunayen da Manzon Allah (SAW) ya canja. Wata 'yar Sayyidina Umar sunanta yana nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Barra, wato mai yawan ɗa'a, ya mayar da ita Zainab, domin sunan yana ɗauke da yabon kai. Ya so ya mayar da wani sahabi mai suna Hazn, wato mai kaushi, ya koma Sahlu, mutumin ya ce ba zai sauya sunan da ubansa ya sa masa ba, daga baya jikansa Sa'idu ɗan Musayyib yake cewa kaushin hali bai bar gidansu ba. Abin da aka haramta shi ne sunan da ke nuna bauta ga wanin Allah, da sunayen da Allah ya keɓanta da su, da irin su "sarkin sarakuna".

Ko a ƙasar nan manya sun saki abin da aka saba. A al'ada, macen da aka haifa tagwaye Hassana ce ko Usaina. Amma da aka haifa wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tagwaye a 1793, namijin ya ci Hassan, macen kuwa Shehu ya sa mata Asma'u, ita ce Nana Asma'un da har gobe ake karanta waƙoƙinta.

Duk da haka tsoron maigidanki yana da tushe. Yanzu iyaye da yawa daɗin sauti suke bi. A buɗe intanet a tsinci jerin sunaye da fassarar da ba a san wa ya yi ta ba, ko a ɗauko kalma daga Alƙur'ani a ce ai tunda a ciki take shi ke nan. Kasancewar kalma a Alƙur'ani bai sa ta dace da suna ba. An'am sunan sura ne sukutum, amma ma'anarsa raƙuma da shanu da tumaki da awaki. Tukazziban tana da daɗin ji, alhali tana nufin "kuke ƙaryatawa". Duk mai son sabon suna ya kai shi wurin malamin da ya san Larabci, a rubuce da haruffan Larabci, domin harafi ɗaya yana juya ma'ana, kuma rubutun boko ba ya bambance haruffan Larabci da dama.

Yanzu ki tsaya ki dubi abin daga inda yake tsaye. A wurinsa Hauwa'u ba tsohon suna ba ne kawai, mahaifiyarsa ce da ta rasu. Mutumin da ya rasa uwa, aka ce masa ga mace tafe, abin da ke ransa shi ne sunan nan ya sake zagayawa a tsakar gida, a riƙa tunawa da ita ana yi mata addu'a. 'Yan'uwansa mata da gwaggwanninsa duk sun zuba ido. Ina faɗa miki wannan ne don na damu da zamanki a gidan: ranar da aka sanar da wani suna daban, ba shi za a zarga ba, cewa za a yi matarsa ce ta hana a yi wa tsohuwa takwara. Irin wannan magana tana daɗewa a dangi, har yarinyar ta girma ta tarar da ita.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne, al'adarmu ta riga ta warware muku rigimar tun kafin ku fara ta. Idan aka mayar da sunan uwar miji, wa zai kira sunan? Ke ba za ki iya ba, sunan surukarki ne. Shi ma ba zai buɗe baki ya ƙwala wa sunan mahaifiyarsa kira a tsakar gida ba. Alkunya ce ta haifar da su Ummi da Mama da Hajiya da Walida, da su Abba da Baffa da Halifa. Ina kyautata zaton ɗanku na fari ma ba da sunansa na yanka kuke kiransa ba. Ke nan dole ne a nemi sunan kira, kuma a gidaje da yawa uwa da danginta ne ke zaɓarsa. Bahaushe ya daɗe da suna biyu. Hajiya Gambo Sawaba sunanta na yanka Hajaratu, Gambo ya biyo ta ne don an haife ta bayan tagwaye. Tsohon gwamnan Kaduna da duniya ta sani da Balarabe Musa, Abdulƙadir ne. Shehu Shagari Usmanu ne.

Shawarata ke nan: ki bar masa sunan yanka, Hauwa'u, da zuciya ɗaya, ki nemi ya bar miki sunan kira, Afnan. Shi ya samu abin da ya fi damunsa, ke kuma naki ne za a riƙa ji safe da yamma, a gida da makaranta. Sannan ki nemi alkawari tun yanzu, cikin ladabi, cewa haihuwa ta gaba ɓangarenki za a duba. Biyu a jere sun tafi gidansu, adalci ne na uku ya zo naku, kuma gidaje da yawa haka suke yi.

Akwai wani abu da ke ci mini rai duk lokacin da aka zo da irin wannan gardama. Muna ta ja tsakanin tsohon sunan Larabci da sabon sunan Larabci, namu na Hausa kuwa suna ɓacewa babu mai kuka. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce bayan maza, Audi wanda aka haifa bayan rasuwar uba, Azumi a watan Ramadan, Sallau ranar Sallah, Talatu da Jummai da Asabe kowace da ranarta. Da jin sunan ka san wani abu na tarihin mai shi. Ita kanta Hauwa'u, Kulu ce a bakin kakanninmu. Yau ana kallon waɗannan a matsayin ƙauyanci, alhali babu abin da shari'a ta hana a cikinsu. Da zan samu iyaye matasa masu neman sunan da ba kowa ke da shi ba, nan zan fara nuna musu.

Sai batun takardu, wanda mutane ke sakaci da shi har ya zame musu ciwon kai. Idan kun amince da suna biyu, ku zauna ku yanke yadda za a rubuta a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa: sunan yanka, sai Afnan a tsakiya, sai sunan uba. Ku tsayar da rubutu guda, domin Hauwa'u da Hauwa da Hawwa suna ɗaya ne a baki, amma uku ne a kwamfuta. Yadda aka rubuta a nan haka za a bi a makarantar firamare da lambar NIN da fasfo da banki, kuma tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Gyaran harafi ɗaya daga baya yakan kai ga rantsuwa a kotu da bugawa a jarida.

Kada ki bari sai an haihu. Uba yakan yi wa jariri huɗuba ya raɗa masa suna tun ranar haihuwa, yadda Annabi (SAW) ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. A rana ta bakwai yanka ne da aski da sanarwa, kuma a lokacin kina fama da jego da baƙi. Ki fara gyara gaisuwar nan da kuka yanke, ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance, ki fara da yi wa mahaifiyarsa addu'a, ki ce kin yarda a mayar da sunanta, sannan ki kawo buƙatarki. Idan har sunan kiran ma ya ƙi, ki sami yayarsa ko gwaggonsa da yake jin nauyi ta yi masa magana, don su ne za su fara tambayar da wane suna za a riƙa kiran takwarar tsohuwa.