Shin faɗin cewa jiki yana daidaita kansa ya saɓa wa tauhidi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun aikin jinya. An koya mana cewa jiki yana daidaita zafinsa da sukarinsa da ruwansa da kansa. Zuciyata ta kasa natsuwa da kalmar "da kansa". Ina da laifi idan na rubuta haka a jarrabawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah Ya ƙara miki kishin addini. Babu laifi a kanki, rubuta abinki.

Abin da ake koya muku gini ne hawa-hawa. Ƙwayoyin halitta ke haɗuwa su zama tsoka ko fata, daga nan a sami gaɓoɓi irin su zuciya da ƙoda, su kuma su yi aiki tare. Zafin jikin mai lafiya yana tsayawa kusa da digiri 37. In ya hau, gumi ya karyo. In ya sauka, makyarkyata ta kama mutum har tsoka ta samar da ɗumi. Sukari ya yi yawa bayan cin abinci, insulin, wani sinadari da jiki ke samarwa, ya fito ya shigar da shi cikin ƙwayoyin halitta. Ruwa ya yi ƙaranci, ƙoda ta rage fitsari. Kina barci ma aikin bai tsaya ba. To, "da kansa" na nufin ba da umarninki ba. Umarnin Allah kuwa yana nan, Shi ne Ya ce a Suratul Infiɗar, aya ta 7, Ya halicce ka, Ya daidaita ka, Ya tsayar da kai.

Inda haɗarin yake shi ne ƙudurin zuciya. A hadisin Zaidu bin Khalid, bayan ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, Annabi (SAW) ya bayyana kafircin mai cewa tauraro kaza ne ya kawo ruwa. Imam Shafi'i ya rarrabe tsakanin wanda ya ɗauka tauraron ne mai aikatawa da wanda lokacin saukar ruwan kawai yake nufi. Mas'alarki ta fi wannan sauƙi, domin insulin sababi ne na gaskiya da gwaji ya tabbatar, kuma Allah ne Ya halicci sababin da abin da yake haifarwa.

Saboda haka idan kika haɗu da mai ciwon sukari da ya ajiye allurarsa da sunan tawakkali, ki lallashe shi ya koma kanta, domin neman magani umarnin Annabi ne.

Wallahu a'alam.