Yadda kuɗin Petrobras ya shiga aljihun 'yan siyasar Brazil

Malam, ka tambayi yadda kuɗin Petrobras, kamfanin man gwamnatin Brazil, ya koma hannun jam'iyyu. Kafin asirin ya tonu, jam'iyyun da ke cikin gwamnati ne ke zaɓar daraktocin Petrobras. Manyan 'yan kwangila irin su Odebrecht sai su haɗa baki, su tsayar da wanda zai ci kwangilar Petrobras, su zuga farashi. Sai a yanke kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na kuɗin kwangilar, 'yan canji su wanke kuɗin da rasit na bogi, darakta da jam'iyya su raba.

Binciken cin hanci da ake kira Lava Jato ya tona asirin tun 2014. Abin takaici, binciken ma ya gurɓace: a 2021 Kotun Ƙoli ta ce alƙali Sergio Moro, wanda ya saurari shari'o'in binciken, ya nuna son zuciya a shari'ar Lula, wanda a lokacin tsohon shugaban ƙasar ne.