Me ya sa Calhoun ya ajiye muƙamin mataimakin shugaban Amurka?

Tambaya: Na ji an ce John C. Calhoun ne mataimakin shugaban ƙasa na farko da ya yi murabus a Amurka. Shin rigimar bauta ce ta jawo, ko wani dalili ne daban?

Amsa: Haka ne, shi ne na farko. Ya sauka ranar 28 ga Disamba 1832, saura wata biyu da 'yan kwanaki wa'adinsa ya cika. Abin da aka gani a fili rigimar kuɗin fito ce, amma bauta ce tushenta.

A 1828 Majalisar Tarayya ta tsawwala haraji a kan kayan da ake shigowa da su daga waje, don ta kare masana'antun Arewa. Jihohin Kudu kuwa auduga suke nomawa da gumin bayi, su sayar wa Ingila, su sayo kayan masarufi. Harajin ya tsauwala musu tsada. Calhoun, ɗan Carolina ta Kudu, ya rubuta wata takarda a asirce a shekarar, inda ya ce kowace jiha na da ikon soke dokar tarayya a cikin iyakarta idan ta ga ta saɓa wa tsarin mulki.

Shugaba Andrew Jackson bai yarda da haka ba ko kaɗan, ga kuma tsohuwar jiƙaƙƙa a tsakaninsu. Jackson ya gano cewa a 1818, lokacin Calhoun na sakataren yaƙi, Calhoun ya nemi a hukunta Jackson kan kutsen da ya yi Florida, wadda a lokacin take hannun Sifaniya. A Janairun 1832 kuma, da ƙuri'u suka yi kunnen doki a Majalisar Dattawa, Calhoun ya jefa tasa ya hana a tabbatar da Martin Van Buren jakada a Ingila. Sai Jackson ya ɗauki Van Buren ɗin abokin takara.

Ranar 24 ga Nuwamba 1832 Carolina ta Kudu ta ce harajin 1828 da na 1832 ba su aiki a ƙasarta. Jackson ya mayar da martani ranar 10 ga Disamba cewa ɓallewa daga tarayya da ƙarfin makami cin amanar ƙasa ne. Nan Calhoun ya koma kujerar sanata don ya kare jiharsa da bakinsa, domin mataimakin shugaba yana jagorantar zaman majalisar ne kawai, ba ya shiga muhawara.

Ina bauta ta shigo? Calhoun da kansa ya faɗa a wata wasiƙa ta 1830 cewa harajin sanadi ne kawai, ba shi ne ainihin matsalar ba. A lokacin bayi sun fi 'yantattu yawa a Carolina ta Kudu, kuma tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a Virginia a 1831 ya ƙara firgita iyayen gijinsu. Tsoronsu shi ne, gwamnatin da ta iya tilasta musu haraji a yau, gobe tana iya sa baki a batun bayi.

Kada dai a ɗauka Jackson yana adawa da bauta. Shi ma yana da bayi masu yawa a gonarsa ta Hermitage a Tennessee. Saɓaninsu a kan ikon tarayya ne, mutanen da ke cikin ƙangi kuwa babu wanda ya tsaya musu a cikin su biyun.

A Maris 1833 Sanata Henry Clay ya shiga tsakani, aka amince a riƙa rage harajin sannu a hankali har 1842. A 1837 Calhoun ya fito ƙarara a majalisa ya ce bauta alheri ce. Ya mutu a 1850, kuma a Disambar 1860 jiharsa ce ta fara ɓallewa daga tarayyar.