Kwamfuta ta ce ƙarar janareta za ta ragu, amma kunne bai yarda ba

Tambaya: Malam, na zana akwatin rage ƙarar janareta a manhajar COMSOL, da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 da soso a ciki. Lissafi ya nuna ƙara za ta ragu da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 35. Da maƙeri ya haɗa akwatin muka auna, ko 15 ba ta kai ba. Ina kuskuren yake? (Wani ɗalibin injiniya, Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba ramuka. Janareta sai da iska da hanyar hayaƙi, ga kuma bakin ƙofa da ba ya zama daram. Idan ramukan suka kai kashi 1 cikin 100 na faɗin jikin akwatin, ragin ba zai wuce desibel 20 ba, komai kaurin ƙarfen. Da yawa kan zana akwati a rufe ruf. Auna kowane tsagi, ka sa shi a zanen.

Sai farantin kansa. In ba ka gaya wa manhajar ba, za ta ɗauki bango a matsayin abin da ba ya motsi sam. Alhali siririn faranti yana kaɗawa kamar fatar ganga, yana miƙa sautin waje. Dole ka haɗa lissafin iska da na ƙarfe a inda suka haɗu, ka kuma sa girgizar da ke bi ta ƙafafun inji. Inji mai juyi 3000 a minti yana girgiza sau 50 a daƙiƙa. In hakan ya dace da kaɗawar farantin, akwatin ƙara amo zai yi. Shi ya sa ake ɗora inji a kan roba.

Ragar da kake yanka zanen da ita, wato ƙananan gidajen da manhajar ke raba zanen don yin lissafi, ita ma tana yaudara. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa cikin iska, don haka a hertz 1000, wato kaɗawa sau 1000 a daƙiƙa, tsawon zangonsa (nisan da yake ci a kaɗawa ɗaya) santimita 34 ne. Ana so gida biyar ko shida na raga su shiga zango ɗaya, wato kowane gida kada ya wuce santimita 6. Ƙara matse ragar ka sake lissafi. In amsa ta sauya sosai, ta farkon ba abin dogaro ba ce.

Kada ka ɗora wa soso buri. Mai kaurin santimita 5 yana shan siririyar ƙara, amma gurnanin hertz 50, mai zangon kusan mita 7, wucewa yake abinsa. A zanen kuwa, a bakin iyakar iskar waje sa shimfiɗar PML, wadda ke shanye sauti a cikin lissafi, don kada sautin ya dawo kamar a ɗaki.