Ɗana Yana Maimaita Alwala Har Jam'i Ya Wuce Shi

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 19 ya kusa shekara guda cikin wani hali. Sai ya yi alwala sau shida ko bakwai, wai ruwa bai game ƙafarsa ba, kafin ya gama an sallame a masallaci. In ya yi kabbarar harama sai ya sake. An yi ruƙiyya, ya sha rubutu, abin na nan. Babansa ya ce sakarci ne, ni kuwa ina ganin wahalarsa. Me ke damunsa?
Wata uwa daga Ƙauran Namoda

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika zayyana siffar ciwon waswasi ce, wanda a asibiti muke kira OCD. Wajen mutum 2 cikin 100 na gamuwa da shi a rayuwarsu, kuma yawanci a irin shekarun ɗanki yake somawa.

Ga yadda yake kama mutum. Wani tunani zai faɗo masa ba da sonsa ba: "ban wanke diddige ba." Sai ƙirjinsa ya ɗaure. Ya sake cika buta, ya ji sanyi na ɗan lokaci, shakkar ta dawo da ƙarfin da ya fi na ɗazu. Wannan ɗan sanyin shi ne tarkon, domin yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa babu mafita sai maimaici. Wani nasa duba ƙofa ne da dare, wata wanke hannu har fata ta tsage lokacin hunturu. Akwai kuma masu fama da munanan tunani game da Allah ko iyayensu, suna ɓoyewa don tsoron sun kafirta. In abin yana cin fiye da awa guda a rana ko yana hana karatu da sana'a, ya zama ciwo.

Ki gaya wa babansa yaron ya san abin ya wuce kima, kuma ya fi kowa jin kunya. Faɗa ƙara masa zai yi.

Abin da ke burge ni, malamanmu na Malikiyya sun daɗe da sanin wannan. Wanda shakka ta aure suna kiransa mustankihi, hukuncinsa kuwa ya yi watsi da ita, kada ya koma kan abin da ya yi kokwanto a kai. Babban maganinmu na asibiti ma a kan wannan hanya yake. Masanin halayya zai sa shi ya yi alwala sau ɗaya, ya ajiye buta, ya zauna da damuwar ba tare da ya sake ba. Ranakun farko akwai wuya ƙwarai. Amma damuwar tana hawa ne ta sauka da kanta, kuma kullum saukarta na ƙara sauri.

Akwai kuma ƙwayoyi irin su fulokzetin da satralin, masu aiki kan wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira sirotonin. Sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu, a nan ne da yawa ke yanke ƙauna su daina. A kan ci gaba da sha aƙalla shekara guda bayan an samu sauƙi, kuma ba a yankewa farat ɗaya. Kada a saya a kemis, likita ne zai tsara.

Naki aikin, Hajiya, shi ne mafi zafi ga uwa. In ya ce "Inna, kin ga na wanke?", kada ki riƙa tabbatar masa sau goma, wannan ma ciyar da ciwon ne. Ki ce cikin taushi, "ka yi sau ɗaya, ta yi." In malamin da yake jin maganarsa zai faɗa masa hukuncin mustankihi da bakinsa, zai taimaka sosai. Addu'a kuma a ci gaba, ba ta karo da magani.

Ku kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato. In kuwa ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko ya daina cin abinci, a ranar za ku tafi.